Farin Ɗigo a Zuciyar Ɗan Tayi

A ranakun awo, mata masu juna biyu sukan yi sammako daga Zonkwa, Samaru Kataf, Madakiya, Kagoro da ƙauyukan da ke kewaye, su nufi asibiti. Wasu sukan je Asibitin St. Louis da ke Zonkwa, wasu kuma su wuce Kafanchan, babban asibitin da aka sanya wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa. A wajen awo ana auna nauyin mace da bugun jininta, ana duba fitsari, ana gwada jini, sannan a wani mataki a ce ta je ta yi hoton ciki, wanda jama'a suka fi sani da sikanin. Yawancin mata sukan fito daga ɗakin hoton da fara'a. Amma lokaci zuwa lokaci akan sami wadda za ta fito jiki a sanyaye, domin an gaya mata wata magana da ba ta fahimta ba.

Haka ta faru da ƙanwata. Tana da shekara 27, cikinta na biyu ya kai mako 20, sai ta je wani ɗakin hoto a gari. Mai ɗaukar hoton yana da dogon layi a waje, saboda haka da ya gama sai ya miƙa mata takarda, ya ce a gurguje, "Akwai ɗan tabo a zuciyar yaron, ki kai wa likita." Da yamma ta kira ni a waya, muryarta tana rawa.

"Yaya, an ce yaron yana da tabo a zuciya."

"Wane irin tabo?"

"Ban sani ba, Yaya. Mama ta ce irin ramin nan ne da ɗan maƙwabtanmu ya sha fama da shi."

Kwana uku ta yi ba ta cin abincin kirki. Surukarta ta shiga neman masu magani, mijinta ya fara tunanin sayar da citta da ya ajiye don biyan kuɗin makaranta. Duk wannan tashin hankali ya samo asali ne daga ɗigo guda wanda bai fi ƙwayar gero girma ba. Wannan darasi zai bayyana mene ne ɗigon, yadda ake ganinsa, abin da yake nufi da abin da ba ya nufi, da kuma matakin da ya dace iyali su ɗauka.

Yadda na'urar hoton ciki take aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin Dutsen Kagoro ya ƙwala kira, ya san cewa muryarsa za ta dawo masa. Wannan shi ne amsa-kuwwa. Sauti yakan yi tafiya, ya bugi abu mai tauri, ya juyo. Jemage ma da wannan hikima yake yawo cikin duhu: yakan fitar da ƙara mai kaifi, ya saurari dawowarta, ya gane inda bishiya ko ƙwaro yake.

Na'urar hoton ciki da amsa-kuwwa take aiki. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da yake kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a cikin daƙiƙa guda. Sautin da na'urar take fitarwa yana kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa, don haka kunnenmu ba ya jinsa. Ma'aikaci yakan shafa wani mai mai santsi a kan cikin mace, domin ya kori iskar da ke tsakanin fata da kan na'urar, saboda iska tana hana sautin shiga. Daga nan sautin ya ratsa jiki da saurin kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi abin da ya tarar, ya dawo. Kwamfuta ita ce take lissafa tsawon lokacin da kowane sauti ya ɗauka da kuma ƙarfin da ya dawo da shi, ta mayar da lissafin ya zama hoto a kan allo.

Launi uku ake gani a hoton. Ruwa, kamar ruwan mahaifa da jini, ba ya mayar da sauti sosai, don haka yakan fito baƙi. Tsoka da sauran nama sukan fito toka-toka. Ƙashi kuwa, da yake yana da tauri, yakan mayar da sauti da ƙarfi, ya fito fari fat. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan ƙa'ida, domin ita ce mabuɗin darasin: fari a hoton ciki yana nufin wurin da sauti ya dawo da ƙarfi.

Wani likita mai suna Ian Donald, tare da abokan aikinsa John MacVicar da injiniya Tom Brown, su ne suka buɗe wannan hanya a birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan. Sun fara ne da irin na'urar da masana'antu suke amfani da ita wajen gano tsagewa a cikin ƙarfe, kuma suka wallafa sakamakon aikinsu a shekarar 1958. Wannan hoto ya bambanta da hoton ƙashi da ake yi wa wanda ya karye, domin babu irin wancan haske mai ratsa jiki a cikinsa. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowace mai juna biyu ta yi hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24, domin a san adadin makonnin cikin, a gane ko tagwaye ne, a kuma duba halittar ɗan tayi.

Zuciyar ɗan tayi

Zuciya tana cikin gaɓoɓin da suke fara aiki da wuri. Takan fara bugawa kimanin mako uku bayan shigar ciki, a lokacin da mace da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda idan yana hutawa, amma ta ɗan tayi tana bugawa sau 110 zuwa 160. A mako na 20 girmanta bai wuce farcen babban yatsa ba.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama suna karɓar jini, na ƙasa suna tura shi waje. Tsakanin ɗakin sama da na ƙasa akwai 'yar ƙofa mai buɗewa ta gefe guda kawai, don kada jini ya koma baya. Wasu siraran zarurruka ne suke riƙe da ƙofar, su kuma zarurrukan suna ɗaure a jikin wasu ƙananan tsokoki da suka tsiro daga bangon ɗakin ƙasa, kamar yadda igiyoyi suke riƙe da rumfa a jikin turaku. A kan ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan tsokoki ake ganin farin ɗigon, kuma galibi a ɗakin ƙasa na hagu.

Mene ne farin ɗigon?

Tsakanin mako 18 zuwa 22 ake yin hoton da ake bin gaɓoɓin ɗan tayi ɗaya bayan ɗaya: kai, ƙwaƙwalwa, fuska, ƙashin baya, zuciya, ciki, ƙoda, hannuwa da ƙafafu. Idan aka zo kan zuciya, wani lokaci akan hango ɗan ƙaramin ɗigo mai haske irin na ƙashi, yana motsi tare da bugun zuciyar. Faɗinsa yawanci 'yan milimita ne kaɗan. A takardar sakamako likitoci sukan taƙaita sunansa da haruffa uku na Turanci, wato EIF.

Masana suna ganin cewa ɗan sinadarin kalsiyam ne ya taru a wannan tsoka. Kalsiyam shi ne sinadarin da yake sa ƙashi da haƙori su yi tauri. Tun da wurin ya ɗan fi naman da ke kewaye da shi tauri, sai ya mayar da sauti da ƙarfi, ya fito fari. Har ila yau, yadda aka saita na'urar da kusurwar da aka ɗauki hoton suna iya ƙara wa ɗigon haske ko su rage masa.

Abubuwa huɗu ne suka tabbata game da shi. Na farko, ana yawan ganinsa: cikin kowane ciki 100 masu lafiya, akan same shi a kimanin 3 zuwa 5, kuma an fi ganinsa a 'ya'yan matan nahiyar Asiya. Na biyu, ba ya hana zuciya aikinta, jini yana shiga yana fita yadda ya kamata. Na uku, ba ya bukatar magani ko tiyata, kafin haihuwa ko bayanta. Na huɗu, sau da yawa yakan ɓace kafin cikin ya tsufa, kuma ko da bai ɓace ba, ba ya cutar da yaro.

Ya zama dole a raba shi da abin da ake kira rami a zuciya. Rami shi ne ɓuli a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, wanda yake barin jini ya bi hanyar da ba tasa ba. Wannan yana cikin nakasar zuciya ta haihuwa, wadda take samun kusan jariri 1 cikin 100, kuma wani nau'insa yana bukatar aikin likita. Farin ɗigo kuwa ba ɓuli ba ne, bango da ƙofofin zuciyar duk lafiya suke. Haka kuma babu abin da uwa ta ci, ko ta sha, ko ta ɗauka, da ya jawo shi. Daka, surfe, noma ko ɗaukar ruwa ba su da hannu a ciki, balle sammu ko baki.

To, me ya sa ake rubuta shi a takarda?

Idan ɗigon ba ya cutarwa, mai karatu zai iya tambaya, don me likitoci suke kula da shi? Dalili shi ne, an lura cewa ana ganinsa a 'yan tayi masu lalurar Down fiye da yadda ake ganinsa a sauran. Saboda haka aka sanya shi cikin abubuwan da ake kira raunanan alamu.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, waɗanda suke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye. Adadinsu 46 ne, an jera su biyu-biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba. Mai lalurar Down yana da guda 47, domin a jeri na 21 yana da uku maimakon biyu. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, shi ne ya siffanta lalurar a shekarar 1866, sannan a 1959 masu bincike a Faransa, wato Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin, suka gano cewa ƙarin kuromosom ne sanadinta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Maris ta kowace shekara don tunawa da masu wannan lalura. An zaɓi ranar 21 ga wata na uku ne domin ta yi nuni da zarurruka uku a jeri na 21.

Yara masu lalurar Down sukan yi jinkirin zama, tafiya da magana, kuma kusan rabinsu ana haihuwarsu da nakasar zuciya ta gaske. Duk da haka suna koyo, suna zuwa makaranta, suna sana'a, suna zumunci kamar kowa, kuma a inda ake da kyakkyawar kulawa da yawansu suna kaiwa shekara 60. Abin da suke bukata shi ne kulawar likita da wuri, da haƙurin iyaye da malamai, da mutuntawar al'umma.

Yanzu sai mu koma kan kalmar alama. Manomi a Zangon Kataf idan ya ga ɗan gajimare guda a gabas cikin watan Maris, ba zai ruga ya yi shuka ba, domin ya san cewa gajimare ɗaya ba damina ba ne. Amma idan hadari ya haɗu, iska ta juya, aka fara walƙiya da cida, to ya san ruwa na tafe. Farin ɗigo shi kaɗai kamar gajimare guda ne. Yana samun nauyi ne idan ya zo tare da wasu alamu, kamar kaurin fatar ƙeya, rashin ƙashin hanci ko gajartarsa, gajartar ƙashin cinya ko na dantse, hasken hanji, ko wata nakasa a ginin zuciya.

Ɗan lissafi

Kowace mace mai juna biyu, ko an ga ɗigo ko ba a gani ba, tana da wani ɗan ƙaramin yiwuwar haihuwar yaro mai lalurar Down, kuma yiwuwar tana ƙaruwa da shekarun uwa. Ga mai shekara 25, bai kai 1 cikin 1,000 ba. Ga mai shekara 35, kimanin 1 cikin 350 ne. Ga mai shekara 40, kimanin 1 cikin 100 ne.

Idan farin ɗigo ya zo shi kaɗai, ƙarin da yake yi wa wannan yiwuwar bai kai ninki biyu ba. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, cewa yiwuwar wata mata 1 cikin 1,000 ce, kuma mu ce ɗigon ya ninka ta sau biyu cif. Za ta zama 2 cikin 1,000. Ma'ana, idan aka tara mata 1,000 masu irin shekarunta da irin sakamakonta, 998 daga cikinsu 'ya'yansu ba su da lalurar. Wanda aka ce masa "haɗarin ya ninku" zai firgita, wanda aka ce masa "998 cikin 1,000 lafiya lau" zai kwantar da hankali, alhali kuwa magana ɗaya aka faɗa musu. Wannan ya nuna cewa duk lokacin da aka ce abu ya ninku, mai hankali yakan tambaya: ninkin nawa ne, kuma daga nawa aka tashi?

Abin da likita yakan yi

Da muka kai wa likita takardar ƙanwata, sai ya karanta ta a natse, ya tambayi shekarunta, ya tambayi yadda haihuwarta ta farko ta kasance, sannan ya sake duba hoton da kansa. Ya bi ƙwaƙwalwa, ƙeya, hanci, ɗakunan zuciya huɗu, hanji, ƙoda da tsawon ƙasusuwa. Da ya gama sai ya juya allon ya nuna mata.

"Madam, kin ga wannan farin? Shi ne abin da aka gaya miki. Ga ɗakuna huɗu, ga bango, babu ɓuli. Saurari bugun."

"Likita, ba sai an yi masa aiki ba?"

"Babu aiki, babu magani. Ki ci gaba da zuwa awo, ki sha maganin ƙarin jininki, ki ci abinci."

Abin da wannan likita ya yi shi ne tsarin da aka sani. Mataki na farko, a tabbatar ɗigon shi kaɗai ne, wato a sake bin sauran gaɓoɓi da kyau. Mataki na biyu, a duba shekarun uwa da tarihin haihuwarta da duk wani gwajin da aka riga aka yi mata. Idan komai daidai ne, ana ɗaukar ɗigon a matsayin bambancin halitta kawai, kamar yadda wani yake da wushirya wani ba shi da ita.

Idan kuwa an ga wasu alamu tare da shi, ko shekarun uwa sun ja, ko iyaye suna son ƙarin tabbaci, likita zai iya tura su babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko na Jami'ar Jos. Akwai gwaji iri biyu da ya kamata a san bambancinsu. Na ɗaya gwajin jinin uwa ne. A shekarar 1997 wani masani ɗan Hong Kong, Dennis Lo, ya gano cewa ɓurɓushin gadon ɗan tayi yana yawo a cikin jinin mahaifiyarsa. A kan wannan aka gina gwajin da ake iya yi tun daga mako 10. Ba ya taɓa ɗan tayi, amma yana da tsada, kuma yiwuwa yake nunawa, ba ya yanke hukunci. Na biyu shi ne ɗibar ɗan ruwan mahaifa da siririyar allura, daga mako 15 zuwa sama. Wannan yana ba da amsa tabbatacciya, sai dai yana da ɗan haɗarin ɓari, ƙasa da 1 cikin 100. Saboda haka ba a gaggawar yin sa don farin ɗigo kaɗai. Zaɓin yin gwaji ko barinsa na iyaye ne, bayan an yi musu cikakken bayani.

Ƙanwata ta haifi 'yarta lafiya. Da ta tuna kwanaki ukun nan, abin da take cewa shi ne, da ta san tambayar da za ta yi tun a ɗakin hoto, da ba ta sha wannan wahala ba.

Nauyin kalma a asibiti

A kudancin Jihar Kaduna, mace tana iya tasowa da harshen Tyap ko Jju ko Hyam a gida, a rubuta mata sakamako da Turanci, a yi mata bayani da Hausa. Magana guda ta ratsa harsuna uku kafin ta isa kunnen surukarta. A irin wannan tafiya ma'ana takan zube a hanya.

Dubi kalmar tabo. A Hausa tabo shi ne shaidar da rauni ko ƙuna ko miki ya bari. Duk wanda ya ji an ce tabo a zuciya, zai zaci wani abu ya ji wa zuciyar ciwo. Kalmar ɗigo ta fi dacewa, domin girma da siffa kawai take nunawa. Haka nan alama daban, cuta daban. Hayaƙi alamar wuta ne, amma ba kowane hayaƙi ne gobara ba, wani na murhu ne.

Ɗalibai da yawa su ne suke raka iyayensu mata, ko yayyensu, ko matan yayyensu zuwa asibiti, su yi musu tafinta. Wasu kuma nan gaba za su shiga Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma da ke Kafanchan. Tafinta nagari ba ya ƙara gishiri, ba ya ragewa, kuma idan bai gane ba yakan ce a maimaita masa. Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata. Ga tambayoyi biyar da suka kamata a yi wa ma'aikacin lafiya idan an ga farin ɗigo:

1. Ɗigon shi kaɗai ne, ko akwai wani abu tare da shi?
2. Ginin zuciyar da bugunta daidai suke?
3. An duba sauran gaɓoɓin duka?
4. Bisa shekarun uwa, akwai bukatar wani gwaji?
5. Yaushe za mu dawo?

Inda haɗarin gaske yake

Abin takaici shi ne iyali su tashi hankalinsu a kan ɗigon da ba ya cutarwa, su yi sakaci da abubuwan da suke kashewa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa a Nijeriya suke. Manyan dalilan sun haɗa da zubar jini, hawan jini mai kai wa ga jijjiga, ƙwayoyin cuta bayan haihuwa da doguwar naƙuda, sannan zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suna ƙara tsananta lamarin. Yawancin waɗannan ana iya kare su ko a magance su idan an gano da wuri.

Saboda haka hukumar ta ba da shawarar mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Ta kwana cikin gidan sauro, ta sha maganin rigakafin zazzaɓi da na ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo, ta karɓi allurar rigakafin sandarewar wuya, kuma ta haihu a hannun ƙwararru. Idan ta ga jini, ko ta ji matsanancin ciwon kai, ko ganinta ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ɗan tayi ya rage motsi, to kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti nan take. Haka kuma kada tsoro ya sa ta sha wani jiƙo ko ƙwaya don wanke ɗigon, domin abin da za ta sha zai iya yin ɓarnar da ɗigon bai yi ba.

Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi zai iya zaunar da 'yar uwarsa ya ce mata: farin ɗigo ɗan taurin tsoka ne da ya mayar da sauti, ana ganinsa a yara masu lafiya da yawa, mu je likita ya duba ko shi kaɗai ne.

Ma'anar kalmomi

Ɗan tayi: jaririn da yake cikin mahaifa, ba a haife shi ba tukuna.
Juna biyu: lafazin ladabi da ake nufin ciki da shi.
Awo: zuwan mai ciki asibiti a kai a kai don a duba lafiyarta.
Amsa-kuwwa: dawowar sauti bayan ya bugi abu mai tauri.
Lalura: wani hali na rashin lafiya ko bukata ta musamman da mutum yake tare da shi.
Ɓuli: ƙofar da ta huje a jikin abu.
Gajimare: girgijen da bai haɗu ya zama hadari ba.
Wushirya: 'yar tazara tsakanin haƙoran gaba.
Jijjiga: karkarwa da fita hayyaci da hawan jini yake jawo wa mai ciki.
Tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙashi yake fitowa fari a hoton ciki, ruwa kuma ya fito baƙi?
2. A wane ɓangare na zuciya aka fi ganin farin ɗigo?
3. Kawo bambanci biyu tsakanin farin ɗigo da rami a zuciya.
4. Kuromosom nawa ne a ƙwayar halittar mai lalurar Down, kuma a wane jeri ƙarin yake?
5. Idan yiwuwar abu 1 cikin 500 ce, sai ta ninku sau biyu, mutum nawa cikin 500 abin ba zai shafa ba?
6. Don me marubucin ya fi son kalmar ɗigo a kan kalmar tabo?
7. Lissafa alamu huɗu da suke wajabta kai mai juna biyu asibiti ba tare da jinkiri ba.

Nazarin harshe

(a) Kawo jam'in waɗannan kalmomi: ɗaki, tsoka, gaɓa, ƙashi, alama, zare, likita.
(b) Yi amfani da kowane ɗaya a cikin jimla: jiki a sanyaye, a gurguje, ƙara gishiri, fari fat, nan take.
(c) Mayar da waɗannan jimloli zuwa korewa: Ɗigon yana cutar da yaro. Likita ya rubuta magani. Za a yi tiyata.

Aiki

Ku kasu gida uku-uku. Ɗaya ya zama likita, ɗaya mai juna biyu, ɗaya tafinta. Likita ya yi bayanin farin ɗigo da Hausa, tafinta ya juya shi zuwa harshen gida, mai juna biyu ta yi tambayoyi. Bayan haka kowane ɗalibi ya rubuta wasiƙa mai kalmomi 150 zuwa ga yayarsa ko matar yayansa, yana kwantar mata da hankali, yana kuma ba ta shawarar abin da za ta tambayi likita.